Firam Biyu Masu Kama da Juna: Yadda Za Ka Tantance Tsohon Keken Ƙarfe Kafin Ka Biya

Tambayar nan ta ƙi ƙarewa. Mutum zai je wajen masu kekunan Beljiyam ya tarar da kekunan hawan duwatsu guda biyu jingine da juna, duka na ƙarfe, duka 'yan shekarun 1990, tayoyinsu inci 26, wani lokacin ma kamfani ɗaya ne ya ƙera su. Kuɗin wannan ya ɗara na wancan kaɗan. Sai ya turo hoto yana cewa, "Malam, wanne zan ɗauka?" Hoto ba ya amsa wannan tambaya. Sai an je, an taɓa, an auna.

Abin da kake saye a zahiri shi ne firam. Taya, sarƙa, birki da sirdi duk ana canza su a Kaduna, amma firam idan ya tashi aiki keken ne ya tashi. Jerin da nake bi shi ne: lafiyar firam, sai girmansa, sai ko za a sami kayansa a gari, sannan ingancin ƙarfen. Suna da ƙyallin fenti su ne na ƙarshe, ko da yake da su yawancin masu saye suke farawa.

1. Haɗa kayan aiki tun daga gida

Ba su da yawa: maganaɗisu ƙarami (na tsohuwar sifika ya isa), tef ɗin awo mai milimita, zare mai ƙwari kamar mita 3, tocilar waya, tsumma, alanki mai lamba 5 da 6, da sufana mai lamba 13 da 15. Idan kana da sikelin rataye irin na masu awon kaya, ɗauko shi. Kalifa ta awon kauri tana da amfani sosai. In ba ka da ita, masu aikin ƙarfe a Panteka suna da ita, kuma aron mintuna kaɗan ba ya gagara idan akwai sanayya.

Ka je da rana tsaka. Fenti yana ɓoye abubuwa da yawa bayan la'asar sakaliya, balle a cikin shago ƙarƙashin ƙwan lantarki. Ka kuma nemi izini tun farko: "Alhaji, zan kwance sirdi da wilin baya in duba, in ba damuwa." Mai kaya mai kyau ba ya hanawa.

2. Tabbatar ƙarfe ne, ka kuma gano shekarunsa

Manna maganaɗisu a bututun sama, da na ƙasa, da ƙafafun baya, da fok, wato ƙafafun da ke riƙe da wilin gaba. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya ƙi, galibi alminiyon ne. Wannan gwaji ya zama dole domin suna ɗaya yakan fito da ƙarfe a wata shekara, ya koma alminiyon a wata. Rockhopper na kamfanin Specialized misali ne: na farkon shekarun 1990 ƙarfe ne, na baya-bayan nan alminiyon.

Kifar da keken ka goge ƙarƙashin gidan feda. A nan lambar firam take. Rubuta ta kowanne. Idan ka ga an goge lambar da fayil ko an cike ta da walda, ka bar keken nan ko nawa aka sallama maka. Wanda ya goge lamba yana da abin da yake ɓoyewa.

Idan kayan Shimano (kamfanin da ke ƙera giya da birki) na asali suna jiki, akwai haruffa biyu ƙanana a bayan hannun feda ko a jikin injin giya. Na farko shekara, na biyu wata. A shekarar 1976 aka fara da A, don haka K ita ce 1986, O ita ce 1990, T kuma 1995. A harafi na biyu, A Janairu ne, L Disamba. Idan haruffan kayan keke guda sun zo kusa da juna, wannan shekararsa ke nan ko wadda ta biyo baya. Idan sun watse, an yi masa haɗe-haɗe.

Gargaɗi: sitika ba shaida ba ce. Ana buga sitikar kowane kamfani a manna wa kowane firam, musamman bayan an sake fenti.

3. Nemi alamar karo

Nan ne zan daɗe, domin nan ne ake cutuwa.

Keken da ya taɓa dukan mota ko bango da gaba yana barin shaida a wuri ɗaya: ƙarƙashin bututun ƙasa da ƙarƙashin bututun sama, kamar yatsu biyu ko uku daga wuyan firam. Kada ka dogara da ido. Shafa da yatsa a hankali. Idan ka ji ɗan tudu ko ƙunci kamar ƙarfen ya tattare, firam ɗin ya lanƙwashe. A saman bututun kuma, daidai wannan wuri, za ka iya ganin fenti ya tsattsage a kwance, tsatsa ta bi tsagar. Firam mai wannan alama ya fita daga gasa, ko da sunansa ya fi na ɗan'uwansa girma sau goma.

Sai fok. Tsuguna a gefen keken ka kalle shi daga nesa kaɗan. Sashen sama na ƙafafun fok ya kamata ya bi layi ɗaya da wuyan firam, sannan ya lanƙwasa gaba daga ƙasa. Idan ƙafafun sun ja baya, tayar gaba ta matso kusa da bututun ƙasa, an yi karo. Tunda kekuna biyu ne a gabanka masu kama da juna, ka ci riba: auna daga tsakiyar wilin gaba zuwa tsakiyar gidan feda a kowanne. Girma ɗaya, ƙira ɗaya, amma ɗaya ya gaza da santimita 2 ko 3? Ka koma ka sake shafa ƙarƙashin bututun.

Idan fok ɗin ba kalar firam ba ne, ko ƙirarsa ta bambanta, tambayi dalili. Sau da yawa na asalin ya mutu ne a karon da ake ɓoye maka.

Daga nan bi kowace mahaɗa da tocila: kewayen wuya, kewayen gidan feda, inda ƙafafun baya suka haɗu da kunnuwan da wili ke zama, da tsagar da ke saman bututun sirdi inda noti ke matsewa. Tsaga takan fito kamar siririn gashi baƙi ko ja. Duba kuma ƙafar baya ta dama, dab da farantin da sarƙa ke hawa. Sarƙa kan faɗa nan ta ci ƙarfe. Ƙujewar fenti ba komai ba ce. Rami mai zurfin da farce ke shiga ciki matsala ne.

Lotsawa ƙarama mai santsi a tsakiyar bututun sama, irin wadda kan keke ke yi idan ya juyo ya doke shi, ƙarfe yana jure ta shekara da shekaru. Ka rage kuɗi da ita kawai. Wadda ke da kaifin baki ko ta kama kusa da mahaɗa ita ce abin gudu.

4. Gwajin zare

Cire wilin baya. Ɗaura zare a kunnen baya na dama, ja shi gaba ya zagaya wuyan firam, dawo da shi kunnen hagu, ka ɗaure tamau, a wuri iri ɗaya da na dama. Yanzu auna tazarar da ke tsakanin zaren da bututun sirdi a kowane gefe. Su zo daidai. Bambancin milimita 1 ko 2 ba ya hana tafiya. Idan ya kai 4 ko 5, bayan keken ya karkace, zai riƙa cin taya a gefe ɗaya, giya kuma ba za ta zauna ba.

Karkacewar baya a firam na ƙarfe ana iya gyara ta, wannan na cikin falalar ƙarfe a kan alminiyon. Amma idan ɗaya ya miƙe ɗaya ya karkace, me zai kai ka sayen aiki?

Mayar da wili, ka tsaya a baya ka kalli ɗan harshen da ake ɗaura injin giya. A tsofaffin firam na ƙarfe a jikin kunnen yake, ba a kwance shi. Ya sauko a miƙe, kuma tiredin raminsa ya kasance da rai. In akwai fili, hau ka ɗan saki hannu. Keken da ke janka gefe ɗaya kullum yana faɗa maka abin da mai shi bai faɗa ba.

5. Tsatsa da sandar sirdi

Kwance notin sirdi ka murɗa. Sandar ta juya ta fito? Alhamdu lillahi. Ta ƙi motsi? Tsaya nan. Yawancin sandunan alminiyon ne a cikin bututun ƙarfe, kuma idan suka shekara da danshi babu giris sai su manne kamar an yi musu walda. Kekunan da suka yi sanyin Turai a waje sun fi fama da wannan. Wata takan fito bayan kwanaki ana ɗiga mata mai, wata sai an yanka ta an fafe ta daga ciki, kuma a nan ne ake fasa bututu. Idan mai kaya ya ce, "Ai ɗan mai kawai take so," amsar ita ce, "To Alhaji, a sa mata man, in ta fito gobe sai mu yi ciniki." Haka za ka gwada sandar kan keke: sassauta notin sama, ɗan buga shi ƙasa, ka ga ko za ta juya.

Da sandar ta fito, haska cikin bututun. Jan ƙura-ƙura a bango ba abin tsoro ba ne. Ɓawon tsatsa mai faɗowa, ko ruwa kwance a ƙasa, shi ne. Ɗaga keken ka girgiza kusa da kunne. Idan ka ji kamar yashi yana zuba a cikin ƙafafun baya, tsatsa ta ci daga ciki. Inda fenti ya kumbura kamar ƙuraje, musamman ƙarƙashin ƙafafun baya kusa da gidan feda, danna da bakin alanki. Ƙarfe mai lafiya ba ya nutsewa.

Gargaɗi: sabon fenti a tsohon keke ba kwalliya ba ce a wajena, tambaya ce. Na fi son firam mai ƙujajjen fentinsa na asali, ina ganin komai, da wanda aka fesa jiya.

6. Girma

Idan duka biyun sun tsallake matakan baya, wannan ne yakan raba gardama. Tsaya da keken tsakanin ƙafafunka, tafin ƙafa a ƙasa. A sami sarari kamar yatsu huɗu tsakaninka da bututun sama.

Kada ka yarda da lambar girma da aka rubuta, inci 18 ko 20. Wani kamfani yana aunawa daga tsakiyar gidan feda zuwa tsakiyar bututun sama, wani zuwa ƙarshen bututun sirdi, sai ka ga 18 na wannan ya zama 19 na wancan. Auna da tef ɗinka, hanya ɗaya a duka biyun. Sannan ka auna tsawon bututun sama daga tsakiyar wuya zuwa tsakiyar bututun sirdi. Wannan awon ya fi na tsayi muhimmanci, domin sirdi ana ɗaga shi a sauke, amma tsawon firam yana nan yadda yake. Kekunan tsere na shekarun 1990 dogaye ne, kansu a ƙasa. Mai ciwon baya zai gane haka tun kafin ya kai Kawo daga Tudun Wada. A irin wannan hali ka fifita wanda wuyansa ya fi tsawo.

7. Awon da zai nuna ko za ka sami kaya

Firam mai kyau da babu kayansa a gari ado ne kawai. Duba waɗannan.

Turakun birki. Idan na baya suna kan ƙafafun sama, ƙasa da bakin rim, za su karɓi birkin kantiliba da kuma birki mai siffar V da Shimano ta yaɗa daga 1996, wanda shi ne ya cika kasuwa yanzu. Amma wasu kekunan wajajen 1987 da 1988 an sa musu birki mai siffar U a ƙarƙashin firam, bayan gidan feda. Turakunsa a wani matsayi suke, birkin V ba ya hawa kansu, kuma wurin matattarar laka ce da damina. Idan ɗaya cikin biyun yana da wannan, ni ɗayan zan ɗauka. In za ka koma birkin V, ka sa kuɗin hannayen birki a lissafi, domin na kantiliba ba sa jan waya yadda yake buƙata.

Wuya. Akwai inci 1, akwai inci 1 da 1/8. Sandar kai ta na farko kaurinta milimita 22.2, ta na biyu 25.4. Na biyun ya fi sauƙin samun fok. Akwai kuma inci 1 da 1/4 da aka yi yayinsa na ɗan lokaci a kekunan Gary Fisher da wasu. Kayansa sun yi wuya ƙwarai.

Faɗin baya. Auna tsakanin kunnuwan biyu daga ciki. Milimita 135 shi ne na yawancin kekunan shekarun 1990, kuma wilinsa ya fi samuwa. Na 130 ko 126 tsofaffi ne. Ana iya buɗa 130 ya koma 135 a firam na ƙarfe, amma a yi shi gefe-gefe, ana duba zare.

Gidan feda. Faɗinsa 68 ko 73, mai tiredi. Gargaɗi: kofin gefen sarƙa tiredinsa na hagu ne, ana kwance shi ta inda agogo ke juyawa. Kada ka bari a sa masa kurfi da guduma ta ɓangaren da ba shi ba. Idan ka ga an riga an ɗiga walda a kofin don ya zauna, tiredin ya mutu.

Taya. Inci 26 ba ɗaya ba ne. Na keken duwatsu lambarsa 559, ana rubuta shi kamar 26 x 1.95. Wanda aka rubuta 26 x 1 3/8, irin na kekunan Japan masu kwando, lambarsa 590, ba ya shiga. Duba kuma sararin da ya rage tsakanin taya da ƙafafun baya. Jar lakar unguwanninmu a watan Agusta tana son wuri.

8. Yanzu ne za a yi maganar ingancin ƙarfe

Ƙarfe iri biyu ne a nan. Akwai na gama-gari da ake rubuta wa Hi-Ten, mai kauri da nauyi. Akwai kuromoli, wanda sitikarsa ke cewa Cr-Mo ko 4130; ya fi ƙarfi, don haka ana sirantar da bangonsa, keken ya yi sauƙi ya kuma yi laushi a kan gargada. Idan ka ga Tange, True Temper, Reynolds ko Columbus a ƙaramar sitika a bututun sirdi, sunayen masu yin bututun ne. Kalmar "butted" tana nufin bangon ya fi kauri a bakin bututu inda ake haɗawa, ya sirance a tsakiya.

Karanta sitikar har ƙarshe. Wadda ta ce "main tubes" tana nufin manyan bututu uku ne kawai kuromoli, ƙafafun baya na gama-gari ne. Wata ma bututun sirdi kaɗai take nufi. Da wannan dabara ake raba kekuna biyu na kamfani ɗaya masu kama da tagwaye. A Trek, jerin 800 kamar 820 su ne na ƙasa, jerin 900 kamar 930, 950 da 970 su ne na sama, waɗanda aka ƙera a Amurka da bututun True Temper. A Specialized, Hardrock ne a ƙasa, Rockhopper a tsakiya, Stumpjumper a sama.

In sitika ta goge, sandar sirdi za ta faɗa maka. Kaurinta a rubuce yake kusa da gindinta. Yawancin bututun sirdi na wancan zamani faɗinsu daga waje milimita 28.6 ne. Sanda mai 25.4 tana nufin bango mai kauri, ƙarfen gama-gari. Mai 26.6 ko 26.8 kuromoli ne galibi. Mai 27.0 ko 27.2 siririn bango ne, bututu mai daraja. Ka tabbata sandar ta zauna daidai, ba a matse bakin bututu a kan ƙaramar sanda ba, ba a kuma cusa gwangwani ba.

Kunnuwan baya ma suna magana. Masu kauri da aka zuba a ƙira, da ɗan tudu inda noti ke zama, alamar firam mai kyau ce. Falle-falle da aka datsa daga farantin ƙarfe na mai araha ne. Sikeli ba ya taimakawa sosai idan kekunan a haɗe suke, domin taya da sirdi kaɗai suna iya ɓoye bambancin. In firam ne tsirara, mai kyau yakan tsaya kusa da kilo 2, na gama-gari ya doshi 3.

9. Wane aiki zai yi maka?

Mafi daraja ba lallai shi ne naka ba. Ɗalibi ko ma'aikacin da zai riƙa zuwa cikin gari daga Rigasa ko Sabon Tasha, yana jingine keke cikin babura, yana ɗaura kaya a baya, ya fi dacewa da firam mai ɗan kauri da ramukan ɗaura kariya da madigadi a kunnuwa. Siririn bututu yana saurin lotsewa, kuma wasu firam na tsere ba su da waɗannan ramuka sam. Wanda kuwa motsa jiki ya sa a gaba, safiyar Asabar a hanyoyin bayan gari, zai ji daɗin mai sauƙin a ƙafarsa da bayansa.

Akwai kuma maganar gyara nan gaba. Bango mai kauri yana jure waldar lantarki ta bakin titi. Siriri, wanda tsakiyarsa ba ta kai milimita 1 ba, hujewa yake yi nan take. Irin wannan sai mai waldar gas da tagulla, mai hannu a natse. Kada kuma ka yarda a walda maka wurin birkin faranti a firam ɗin da ba a yi shi don haka ba.

10. Lissafi da ciniki

Kada ka kwatanta kuɗin da aka faɗa. Kwatanta kuɗin da kowanne zai ci kafin ya hau titi. Ɗauki takarda ka ja layi biyu. Waya, robar birki, boris da giris ƙananan kuɗi ne, kusan kowane tsohon keke yana buƙatarsu, ba sa raba gardama. Taya biyu da tif, sarƙa da firiwil su ne matsakaita. Masu nauyi su ne wili, fok da hannun feda. Kafin ka je, leƙa wajen mai gyaran keken unguwarku ka ji farashin ranar, domin kayan nan da dala suke tafiya.

A ce an sallama na farko naira dubu 60, na biyu dubu 75. Na farko yana son wilin baya da tayoyi, na biyu waya da giris kawai. Da ka tara za ka ga na biyun ne mai araha. Kayan da ke jiki ma kuɗi ne: a jerin kayan Shimano, Deore, LX, DX ko XT masu rai sun fi Tourney nesa ba kusa ba, kuma sukan nuna cewa firam ɗin ma na sama ne.

Wajen tayi, fara da wanda ba ka so sosai, ka ji inda bakin mai kaya ya tsaya, sannan ka juyo kan naka. Ambaci aibin da ka gani ɗaya bayan ɗaya, da yatsa a kai, ba tare da kushe kayan mutum ba. Idan da dillali a tsakani, a yanke maganar la'ada kafin a ce albarka ko sallama. A rubuta maka rasit da lambar firam a jiki.

Ranar da ka kai shi gida, kafin hawan farko, zare sandar sirdi da ta kai ka shafa musu giris, ka ɗiga ɗan mai cikin bututu ka jujjuya firam ɗin ya bi ko'ina, ka kuma buɗe ƙananan ramukan da ke ƙarshen ƙafafun baya da tsinke idan laka ta toshe su, domin ta nan ruwa ke fita.